Yadda Ake Jefa Wa Kifin Tirawut Ƙudan Fatsa Ba Tare Da Ka Zama Abin Dariya Ba

A Ingila, tsofaffin masu fatsa suna kiran ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni "sati biyun 'yan koyo". Lokacin ne ƙwarin ruwa ke tasowa tuli, tirawut, wani kifin koguna masu sanyi, ya haukace da ci, har wanda bai iya ba ya samu. Duk da haka na sha ganin masu komawa gida hannu rabbana, kuma a wuri ɗaya suke faɗuwa.

Fara da kaya. Sanda mai tsawon ƙafa 9, lamba 5 (lambar nauyin igiyar da ta dace da ita), shi ke nan. Duk mai ce maka wata, so yake ya sayar maka da tasa. Yanki lasisi daga hukumar kula da muhalli. Kada ka nufi Kogin Test, sanannen kogin fatsa a yankin Hamsha na kudancin Ingila, tun yanzu, kuɗin yini ɗaya a can sai ya sa ka jiri. Nemi ƙungiyar masu fatsa ta kusa da kai. Hula da tabarau dole ne, ƙugiya ba ta bambanta kunne da bakin kifi.

Sai jifa, inda gizo ke saƙa. Ƙudan nan gashin tsuntsu ne da zare aka naɗe a jikin ƙugiya, ba shi da nauyin komai. Igiyar ce mai nauyi, ita kake jefawa. Ɗauka kana tsaye tsakiyar agogo, ƙarfe 12 a saman kanka: fizgi sanda baya ka tsayar da ita cak a ƙarfe 2, ka jira, sannan ka turo gaba ka tsaya a ƙarfe 10.

Jiran nan shi ne duka aikin. Sai igiya ta miƙe sambal a bayanka. Juya ka kalle ta, ba abin kunya ba ne. In ka yi gaggawa za ka ji "fyat!" kamar bulala, to ƙudanka ya tsinke ya yi nasa wuri. Ni kaina na yi kusan awa ina jefa igiya tsirara, sai wani dattijo da ke gefe ya ce, "Yaro, in doki kake kora, ai ya daɗe da gudu." Har yau abokai ba su bar ni da wannan ba.

Haka in ka zuba ƙarfi tun farkon turowa, siririn zaren gaba, wanda ke haɗa igiya da ƙuda, zai ƙulle. Suna ce masa "ƙullin iska", ko da ranar ganye ba ya motsi, don kowa iska yake ɗora wa laifi. Kwance shi nan take, a nan zare ke tsinkewa. Yi ta gwaji kan ciyawa, da guntun ulu maimakon ƙugiya, kyauta ne.

Sauran mai sauƙi ne. Jefa gaban kifi ta ɓangaren da ruwa ke gangarowa, ruwa ya kawo masa. In ya cafke, kada ka fizga. Tsohuwar dabararsu ita ce ka ce "Allah ya kiyaye Sarki" tukuna, sannan ka ɗaga sanda. Jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, cire ƙugiya, sake shi. Kafin ku isa wurin mota, a bakinka ya riga ya ninka girmansa.