Kontiragin hayar gida a Yamai: abin da ke wuyanka, da abin da ba naka ba

Takardar haya da faransanci take zuwa, sau da yawa dillali ne ma ya kwafo ta. Kada ka sa hannu a tsaye a ƙofar gida. Karɓi kwafi ka kwana da shi, ka sa wanda ka yarda da shi ya fassara maka layi bayan layi.

Abin da ke wuyan ɗan haya sananne ne: biyan haya a ranar da aka sa, kula da gida, ƙananan gyare-gyare kamar kan famfo, kwan lantarki da makulli, sai kuma neman izini kafin ka fasa bango ko ka saka wani ɗan haya. Rufin da ke yoyo da damina, bangon da ya tsage, shaddar da ta rufta, waɗannan na mai gida ne. Saboda haka in ka ga an rubuta "dukan gyara na ɗan haya ne", tsaya nan. Haka in an ce mai gida zai ƙara haya duk lokacin da ya so, ko zai fitar da kayanka in ka makara. Korar ɗan haya aikin kotu ne, ba na mai gida ba. A ja layi a kan sharaɗin, ku biyu ku sa hannu a gefensa, a kwafi biyu. Hatimin ma'aikatar magajin gari sa hannu kawai yake tabbatarwa, ba ya halatta mugun sharaɗi.

Kuɗin ajiya, wato kosiyo, nan ake yawan kuka. A rubuta adadinsa da lamba da kalmomi, a raba shi da kuɗin watannin da ka biya gaba, a faɗi ranar mayarwa. In haya jika 60 ce ka ba da jika 240, takarda ta nuna nawa ne ajiya, nawa ne haya. Ranar shiga ku zagaya ɗaki ɗaki, ku rubuta kowane lahani, ka ɗauki hoto. Ba tare da wannan ba, tsohon fenti da fasasshen tayil duk a kanka za a lissafa ranar fita.

Ɗauki hoton lambar kwantar wuta ta NIGELEC da ta ruwa ta NDE, ka nemi ganin takardar biya ta ƙarshe, don kada a yanke maka wuta a kan bashin wanda ya tashi. In kwanta ɗaya ce ga gida da yawa, a rubuta yadda ake rabo, har da kuɗin kwashe shadda.

In ka riga ka sa hannu, kada ka daina biya don fushi. Bashin haya shi ne hujjar da ta fi ƙarfi a kanka. Biya, ka karɓi rasit mai kwanan wata da sunan watan, ka rubuta ƙorafinka ka ajiye kwafi. In magana ta ƙi, a fara da mai unguwa, sannan kotu.