Yadda zaka zaɓi ril ɗin fatsar ƙwaro mai kyan gani, ya kuma daɗe da kyansa

Duk wanda ya taɓa riƙe sandar fatsar ƙwaro ya san idonsa ba akan sandar yake fara sauka ba, akan ril yake sauka, wato wannan ɗan gewayayyen ƙarfen da ke ƙasan mariƙi wanda ake naɗe zare a jikinsa. Ga wanda bai san harkar ba, fatsar ƙwaro ita ce wadda ake ɗaure ƙugiya da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, kuma tunda ƙugiyar bata da nauyi zaren ne mai nauyi ke ɗaukarta idan aka wurga. To a irin wannan kamun kifin yawancin lokaci ril ba wani aiki mai yawa yake ba, ajiyar zare ce sai in babban kifi ya ja da gudu, shi yasa mutane suka samu sararin damuwa da kyansa, kuma ni dai banga laifin hakan ba ko kaɗan, abu ne da zaka yini kana kallonsa a hannunka.

Abu na farko, kada ka yanke hukunci akan ril yana zaune shi kaɗai a kwali ko a hoto. Ɗaura shi a sandar da zaka yi aiki da ita tukunna, gani ya kori ji. Kowace sanda tana da lambar nauyin zarenta a rubuce kusa da mariƙi, shima ril haka zaka ga an rubuta 3/4 ko 5/6 ko 7/8, ka haɗa lambar da lambar. Bayan ka ɗaura, da zaren a ciki, ka ɗora sandar akan yatsa ɗaya wajen gaban mariƙin, in ta tsaya daidai ko kusa da haka to sun dace, in kan ya rinjaya ƙasa ril ɗin yayi sakayau da yawa. Abin da na lura shine abin da hannu ya ƙi shi ido ma yake ƙi, ƙaton ril a siririyar sanda kamar an ɗora wa yaro hular babansa ne, komai tsadarsa ba zai yi fasali ba.

Daga nan sai ka tambayi kanka wanne gida kake so, dan gida biyu ne. Akwai tsohon yayi akwai na zamani. Tsohon yayi shine mai ƙaramin ciki, fuska a rufe ko da ƴan ƙananan huji a jere, launi baƙi ko toka ko ruwan azurfa. Su hujin nan ma ba ado ne ya kawo su ba tun asali, a 1874 Charles Orvis na jihar Bamont a Amurka ya yi rajistar ril mai huda a gefe dan iska ta shiga ta busar da zaren, lokacin zaren siliki ake amfani dashi wanda yake ruɓewa in an barshi a jiƙe, sannan hujin ya rage nauyi. A Ingila kuma kamfanin Hardy na garin Alnwick ya fito da ril mai suna Perfect a 1891, da boris a ciki, har yau in ana maganar ril mai kwarjini sunansa ake fara kira. Wasu daga cikin na Hardy akwai zobe na dutsen agat a wajen da zare ke fita, ka juya shi a rana kaga yadda haske ke ratsa dutsen, wallahi sai ka jima kana kallo. Sai kuma irin na maƙerin ril Edward vom Hofe na Niyok, baƙar roba mai tauri a gefe, farin ƙarfe ya zagaye baki, hannun juyawa a lanƙwashe kamar harafin S, baƙi da fari kawai amma ba ruwansa da wani ƙarin ado. Irin waɗannan da sandar gora suke tafiya ko ta faibagilas, wato wadda aka yi da zaren gilashi, mai laushi, musamman in mazaunin ril ɗin na katako ne.

Na zamani kuma faffaɗan ciki gareshi, an rarake jikin har kana hango ɗaya gefen, kamar ƙafar keke. Shima faɗin ba na banza bane, juyi ɗaya yana kwaso zare da yawa kuma zaren baya nannaɗewa yayi ta murɗiya in ka zaro shi. Wannan da sandar kabon ta zamani yake dacewa. Haɗa gidajen biyu ba haramun bane amma sai mai ido, in kana farawa ne ka bar kowa a gidansa.

Yanzu wajen da yafi muhimmanci, kuma nan ne ake yawan cin mutane, yadda aka ƙera shi da yadda aka sa masa launi. Ril iri biyu ne ta wannan fannin, akwai na zubi wanda aka narka alminiyam aka zuba a mazubi, akwai wanda inji ya sassaƙo daga dunƙulen alminiyam guda, galibi samfurin 6061. Na zubi yawanci fenti ake masa a sama, ranar farko yana sheƙi kamar me, amma da ya bugi dutse sai fentin ya ɓantale farin ƙarfe ya leƙo, kuma in ya faɗi da ƙarfi yana iya tsagewa. Sassaƙaƙƙen kuwa ana masa abin da ake kira anodayizin, a tsoma shi cikin ruwan asid a sa masa wutar lantarki sai fatar ƙarfen ta yi tauri ta buɗe ƴan ƙofofi da ido baya gani, rini ya shiga ciki sannan a toshe, kaga kenan launin a cikin fatar ƙarfen yake ba a samanta ba. Akwai mataki na 2 wanda ke karɓar launuka masu haske ja shuɗi kore ruwan gwal, akwai na 3 wanda yafi kauri da jure karce amma launukansa sun fi karkata ga baƙi da toka. Kamfanin Abel na Amurka ya shahara da yin zanen fatar kifi da hannu a jikin ril ta wannan hanyar, ɗigo-ɗigon ja da baƙi irin na bayan kifin tirawut, in ka jera biyu ba zaka samu sun zama iri ɗaya sak ba.

Yadda zaka gane aiki mai kyau ba wuya. Fito dashi hasken rana, kada ka yarda da fitilar cikin ɗaki. Shafa yatsa a bakin kowane rami, in kaji kaifi ko gursa-gursa aikin gaggawa ne, kuma wannan kaifin zai ci maka zare. Cire kwarkwaron, wato ɓangaren da ke juyawa wanda zare ke naɗuwa a kai, ka leƙa bayansa da cikin gidan da yake zama inda mai saye baya dubawa, maƙerin da ya gyara wajen da ba a gani shine ya damu da aikinsa. Ka duba launin kwarkwaro da na gidan ko sun zo ɗaya, sannan ka mayar ka juya a hankali kana kallon ƴar tazarar da ke tsakaninsu, ta zama daidai duk zagayen, in tana buɗewa tana rufewa akwai karkata. Ka saurari ƙararsa ma, mai ƴar harshen ƙarfe da ke bugun haƙori yana ƙas-ƙas-ƙas in kifi ya ja, mai birkin faifai, wato faifan da ke riƙe kwarkwaro dan kar zare ya zube da gudu, shi kuma shiru-shiru ne, ni a wajena wannan kukan yana cikin kyan ril ɗin.

Na taɓa sayen wani ja jawur saboda hoto kawai, fita ta biyu na jingine sandar a dutse ta zame, da na ɗauka naga fenti ya tashi kamar ɓawon ƙwai a gefen baki, abin yayi min ciwo sosai dan ina son ril ɗin. Tun ranar in zan ajiye sanda a ƙasa sai na cire hula na ɗora ril a ciki.

Maganar launi, zaɓi abu ɗaya a jikin sandar ka bishi, ko launin zaren da aka ɗaure zobban sandar dashi ko ƙarfen mazaunin ril, ba sai komai ya zama iri ɗaya ba. Kuma kar ka manta zaren da ke ciki shima ado ne tunda ana hango shi ta ramukan. Zaren ƙasa da ake fara naɗawa kafin babban zaren, na dakron mai ƙarfin fam 20 ko 30, yana zuwa fari da ruwan lemo da kore shar, baƙin ril da ruwan lemo a ciki yana da kyau matuƙa. Ka naɗa shi da ɗan ƙarfi kana kai shi dama da hagu ya kwanta sumul, ka cika yadda in babban zaren ya hau zai rage ƴar tazara kaɗan kafin ya taɓa gidan, ril rabin ciki yunwa yake nunawa, wanda aka cusa kuma gogar zare yake. In a ƙaramin rafi mai ruwa garau kake kamu inda kake matsawa kusa da kifi, ni na fi son mara ƙyalli, bana son abin da zai riƙa walƙiya a rana.

Kulawa kuma ba wani dogon aiki bane. In ka shiga ruwan gishiri, ranar ka cire kwarkwaro ka ɗauraye komai da ruwan daɗi, ka bi lungunan da tsohon burushin haƙori, ka barshi ya bushe sarai kafin ka mayar jakarsa, dan jaka mai danshi ita ke kawo farin tabon nan wajen sukurori da ƙafar ril. Ka sassauta birki in zaka ajiye. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET yana cin roba da fenti da rufin zare, ka wanke hannu kafin ka taɓa kayanka. Giris ɗan kaɗan a ƙarfen tsakiya da kwarkwaro ke juyawa a kai ya isa, in yayi yawa yashi yake tarawa, birkin da aka rufe ruf kuma kada ka buɗe shi.

In kuma Allah yasa tsohon ril ya faɗo hannunka, irin wanda bakinsa ya koɗe inda tafin hannun mai shi na da yake gogawa, dan Allah kada ka kai masa man goge ƙarfe ko sanfefa. Wannan duhun da dishi-dishin shekaru ne suka yi shi, in ka goge ya tafi kenan baya dawowa, masu tara irinsu ma darajarsa faɗuwa take a idonsu. Tsumma mai laushi, ruwan ɗumi da ɗan sabulu, sukundireban da yayi daidai da bakin sukurorin dan kar ka cinye kansu, sai ɗigon mai ɗaya akan harshen da ke bugun haƙorin.