Yadda za a koyar da kafa hujja a jami'a da karin magana da sana'o'in gargajiya

Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamba 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta. Malamin da ke koyar da falsafa da manɗiƙi (ilimin kafa hujja), ko darasin al'ummomi da al'adun Najeriya, yana da damar shigo da abin da ɗalibai suka taso a cikinsa, muddin ya mayar da shi abin aiki, ba ado na buɗe lacca ba.

A fara da karin magana biyu masu karo da juna. A rubuta a allo: "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", a ƙasa kuma "Albasa ba ta yi halin ruwa ba". Ta farko ta ce ɗa yana gadon halin iyaye, ta biyu ta nuna wani lokaci ba ya gada. A raba aji rukuni-rukuni, mutum shida zuwa takwas, don in sun fi haka sai biyu su yi magana, sauran su koma waya. A ba su minti goma sha biyar su amsa tambaya uku: me kowace magana take iƙirari, a wane hali take gaskiya, wane misali ne zai rushe ta? Daga nan wakilin kowane rukuni ya tashi ya yi bayani cikin minti uku, wani rukuni ya yi masa tambaya ɗaya.

Matsalar da aka fi fuskanta ita ce ɗalibai su ƙi taɓa karin maganar, su ce maganar manya ce. Shi ya sa ake kawo biyu tare: tunda manyan ne suka faɗi duka biyun, dole ɗalibi ya auna su, kuma bai yi rashin kunya ba. Sai bayan sun gama muhawara ne malami zai gabatar da kalmomin fanni, kamar yanke hukunci a kan kowa daga misalai kaɗan. In aka fara da kalmomin, haddace su kawai za a yi.

Aiki na biyu a wajen aji yake. A tura kowane rukuni wurin mai sana'a: marinar Ƙofar Mata a Kano, majema, maƙera, ko masu saƙa. Kada su tambayi tarihi kawai, domin za su kwafo shi daga intanet. Su tambayi marini yadda yake gane baba, ganyen da ake rini da shi, ya nuna a rijiyar rini, da abin da yake yi in rini ya ƙi kamawa. Su nemi izini kafin ɗaukar murya ko hoto, su je da ɗan alheri, kuma malami ya fara sanar da shugaban masu sana'ar. Su gabatar da abin da suka samo da baki cikin harshen da aka yi hirar, sannan su rubuta shafi ɗaya da Turanci.

Ba kowane ɗalibi ne Bahaushe ba. A sa Banufe da Bafulatani da Bayarabe da ɗan Tibi su kawo nasu karin maganar su fassara wa aji. A riƙa juya wakilcin rukuni kowane mako, in ba haka ba mata da masu kunya ba za a ji muryarsu ba har zango ya ƙare.

A ware maki 20 daga makin gwajin cikin zango: 10 na ƙarfin hujja, 6 na bayani da baki, 4 na rubutu. A sanar da wannan rabon tun makon farko, don ɗalibi ya san ba yawan karin maganar da ya jero ake dubawa ba.