Zazar giwa: kurakuran da aka fi yi wajen tsinka, dafawa da sha

Idan damina ta ja baya, ruwan Gulbin Maradi ya fara janyewa, duk wanda ya bi bakin fadama da kududdufai ta wajen Madarunfa ko Jiratawa zai ga wata ciyawa mai ƙaya tsaye cikin laka, wata ta kai gwiwa, wata har ƙugu. Ita ce zazar giwa, wasu su ce ƙayar raƙumi. Masana tsirrai na kiranta Hygrophila auriculata. Ana cin ganyenta, ana tafasa ta a sha don ta sa fitsari, a wasu sassan Afirka ma ƙona ta ake yi a tace tokar a sami gishiri. A Indiya da Bangaladash kuwa ganyen miya ne da ake ba mai ƙarancin jini. Na tashi ina ganinta a tukunyar kakata, shi ya sa nake jin zafin yadda ake wasa da ita yanzu.

Kuskuren farko tun daga suna yake somawa. Ƙayar raƙumi suna ne da wani gari ke ba wannan tsiro, wani garin ya ba wani daban, kuma kama da wane ba ta wane. Wanda zai tsinka ya duba da idonsa. Karan zazar giwa ba zagayayye ba ne, kusurwa huɗu gare shi, da gashi-gashi. A kowace gaɓa akwai ƙaya shida masu kaifi, ruwan ɗorawa, tsawonsu ya kai gaɓar yatsa, da dogayen ganye sirara su ma shida, biyu sun fi sauran tsawo. Furen shuɗi ne mai ɗan ja-ja, yana leƙowa daga tsakanin ƙayoyin. Idan ka jiƙa 'ya'yanta da ruwa za su yi yauƙi. Namijin zaki-banza, wanda yara kan kawo a madadinta, ƙaya biyu yake da su a gindin ganye, kuma ba ya irin wannan fure. Shi ba wata illa, ana cin sa. Wanda nake tsoro shi ne kwarko, mai furen rawaya da ganye mai farin zane, wanda in ka karya shi ruwa rawaya ke fita. Yana son irin wuraren nan da ruwa ya bari, kuma 'ya'yansa guba ne, suna sa kumburin ƙafa har su taɓa zuciya.

Saboda haka ne ba na sayen garin zazar giwa. Ranar wata kasuwa na tsaya gaban wani dattijo mai magani, ya miƙo mini ƙullin gari na dala ashirin. Na ce, "Baba, ba ka da wadda ba a daka ba?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Yaro, kai ka san abin." Ya jawo buhu daga bayansa ya zaro mini busasshen kara da ƙayoyinsa shida-shida a jere. Gari kore kowa na iya ba shi sunan da ya ga dama. Sayi mai kara da ƙaya, ka daka a gida.

Sai inda aka tsinko ta. Ciyawa ce mai son ruwa, ba ta kuma zaɓe: yadda take fitowa a bakin tabki mai tsabta haka take fitowa a bakin kwata da ramin da unguwa ke zuba shara da baƙin man mota. Ta can ma ta fi yin kore shar, ta fi jan ido. Abin da saiwa ta sha yana cikin ganye, wanki ba ya fitar da shi. Haka wadda ke gefen fagen tumatir ko kabeji da aka yi wa feshin maganin ƙwari. Tambayi mai garka yaushe ya yi feshi, in bai tuna ba ka wuce gaba.

Akwai kuma haɗarin da ba a jikin ciyawar yake ba, a cikin ruwan yake. Akan aiki yara su kutsa kududdufi ba takalmi su yanko ta. Ruwan da ke kwance gidan dodon koɗi ne, daga jikinsa ƙwayar tsargiya ke fitowa ta huda fata ba tare da an ji ba. Bayan wasu makonni ko watanni yaro ya fara fitsarin jini, sai a sake tura shi wannan ruwan ya yanko ganyen da za a dafa masa. Tsargiya tana da maganinta, firazikantel, irin wanda ake raba wa 'yan lakwal. A yanki ta bakin gaɓa inda ƙasa ta fara tsanewa, in kuwa dole sai an shiga, a sa takalmin roba mai tsawo.

Wajen yanka, a sa wuƙa ko lauje, a ɗauki saman mai taushi kafin ta yi fure sosai. Tsohon ganye kaushi gare shi, gashinsa na kartar maƙogwaro. Tumɓuke ta da saiwa kafin 'ya'ya su zuba shi ke sa a dawo baɗi a tarar da fili.

A madafa kuskure biyu ne. Wasu na murza ɗanyen ganye su tace su sha, alhali daga cikin laka ya fito, inda shanu da mutane ke bi. A tsige ganyen daga kara ɗaya bayan ɗaya, a tabbata ba ƙaya ko guda, a wanke sau uku, a tafasa sosai, sannan a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli ko a zuba a miyar gyaɗa. Na biyu shi ne lafta kanwa don ya yi saurin laushi. Ganyen zai narke kuwa, amma wani ɓangare na amfaninsa ya tafi. Mai son ajiya ya shanya a inuwa bisa tabarma, ba a ƙasa cikin rana ba, in ya ga fumfuna ya zubar.

Inda na fi son a saurare ni shi ne wajen magani. Zazar giwa tana sa fitsari, wannan gaskiya ne, kuma nan ne take ruɗin mutane. Mai kumburi ya sha, ya yi ta zagayawa, da safe ya ga ƙafa ta ɗan saɓe, sai ya ce ya warke. Ruwan ne ya ragu, abin da ya tara shi yana nan: ko ƙoda, ko zuciya, ko hanta. Mai ciwon ƙoda na iya ƙara wa kansa wahala. Wanda likita ya ɗora kan ƙwayar hawan jini ko ta rage ruwa, in ya haɗa da wannan, jiri na iya kayar da shi. Mafi muni shi ne ya ajiye ƙwayar ya koma ga tukunya. Shawara mai sa ido rawaya ma sai an auna jini ake sanin ko ciwon hanta ne. Yaron da tafin hannunsa ya yi fari a watan Agusta ko Satumba kuwa, zazzaɓin cizon sauro ne ya fi yawan cinye masa jini, ganye ba zai riga cutar gudu ba.

Ƙanwata tana da ciki wata takwas ƙafafunta suka kumbura, har zobe ya ƙi fita daga yatsa. Uwar mijinta, mace mai kirki da ke ƙaunarta, ta dafa mata zazar giwa kwana huɗu. Da na je gaishe su na tarar tana riƙe da kai, tana cewa tana ganin wasu taurari-taurari. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi mini izini in kai ta awo, yanzu za mu dawo." Ta ce, "Ɗana, kumburin ciki ne, kowace mace na yi." Na yi ta roƙo har ta ɗauko mayafinta muka tafi tare. Ungozoma ta ɗaura mata abin awon hawan jini ta ce 17, wato 170, alhali daga 14 bisa 9, wato 140/90, ake fara damuwa da mai ciki. Ba a bar ta ta koma gida ba sai da ta haihu. Kumburin fuska da hannu, ciwon kai da gani dishi-dishi ga mai ciki alamun hawan jini ne da kan kai ga jijjiga, kuma mai ciki ba ta shan wannan dahuwar ko kaɗan.

A ranar Inna ta ƙulle reshen ciyawar a bakin zanenta, ta kwance ta nuna wa ungozoma, ta faɗi kofi nawa aka sha da kwana nawa. Duk mai zuwa likita bayan ya sha ta ya yi haka: ya tafi da reshen, da ƙayarsa da furensa, ya faɗi adadin da ya sha tun kafin a rubuta masa wani magani.