Yadda Ake Cin Moriyar Mai Horarwa a Wasan Harbin Kwari da Baka

Maharbi yana ganin inda kibiyarsa ta sauka, amma ba ya ganin abin da jikinsa ya yi kafin ta tashi. Kafaɗarsa ta ɗaga, gwiwar hannunsa ta faɗi, yatsunsa sun fizge tsirkiya maimakon su sake ta, duk bai sani ba. Abin da ya sani kawai shi ne kibiya ta kauce hagu, sai ya ɗora laifin a kan iska ko a kan bakan. Don haka ake neman mai horarwa: a samu ido na biyu da zai tsaya a gefe.

A gasar Olamfik ana harbi ne daga nisan mita 70, faɗin allon santimita 122, da'irar tsakiya mai maki 10 kuwa santimita 12.2 kacal. A irin wannan nisa, in hannun da ke jan tsirkiya ya goce da milimita ɗaya daga inda ya saba tsayawa, a lissafi kibiya za ta kauce da wajen santimita 10, wato ta fita daga goma. Bahaushe ya ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. A daji haka ne, a gasa kuwa wutsiya ba ta kai mutum ko'ina. A wasan ƙarshe na maza a Faris a 2024, Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu da Brady Ellison na Amurka sun yi kunnen doki, aka ba kowa kibiya ɗaya ta raba gardama. Dukansu suka samu goma, Kim ya ɗauki zinare saboda tasa ta fi kusa da tsakiya da kimanin milimita 5.

Mataki na farko: zaɓi mai koyarwa, ba gwanin harbi kawai ba

Iya harbi daban, iya koyarwa daban. Kafin ka biya ko sisi, je ka zauna ka kalli darasi ɗaya. Ina yake tsayawa? In idonsa na kan allo yana ƙirga maki, ɗan kallo ne irinka. Mai horarwa na gaske idonsa na kan ɗalibi: ya tsaya a bayansa, ya koma gefe, ya tsuguna ya dubi ƙafa. Ka lura kuma ko yana farawa da ƙa'idojin kiyaye rai. A filin da ke da tsari, usur biyu na nufin a zo kan layi, ɗaya a fara harbi, uku a je a ciro kibau. Wanda ya bar yara suna ɗana kibiya alhali wani na gaban allo, kama gabanka.

Mataki na biyu: kada ka sayi baka sai ya auna ka

Nan ne yawancin masu farawa ke jefa kuɗinsu a rijiya. Mutum ya ga baka mai ƙarfin fam 40 (nauyin jan tsirkiyarsa ke nan) a intanet, ya ce ai shi ƙato ne, ya saya. Jan farko da na biyu lafiya lau, kafin kibiya ta 20 hannu na kakkarwa, kafaɗa ta haye kunne, wuya ya sandare. Jiki ya riga ya koyi dabarar tsira daga nauyi, kuma wannan dabara ita za ta bi shi shekaru. Babban mutum yakan fara ne da baka mai fam 16 zuwa 20, ƙasa da kilo 10 ke nan, ko da kuwa shi ne sarkin ƙarfin unguwarsu.

Mai horarwa zai auna tsawon janka don ya san kibiyar da ta dace da kai. Gajeriyar kibiya haɗari ce, tana iya zamewa ta soki hannun da ke riƙe da baka. Zai kuma gwada wane ido ne ke jagoranci: ka miƙa hannuwa, ka haɗa su ka bar ƙaramar kafa, ka hango wani abu ta ciki, sannan ka rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai gushe masa ba, shi ne jagora. Akwai na-dama da idonsu na hagu ne jagora, kuma gara a gano haka tun ranar farko.

Abu guda da zai gargaɗe ka a kai, ka riƙe shi da kyau: ba a jan tsirkiya a sake ta babu kibiya. Ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya zai koma cikin bakan, yana iya tsaga shi a hannunka.

Mataki na uku: haƙura da roba

In ya miƙo maka igiyar roba ya ce ka yi ta ja a gaban madubi, kada ka ga kamar ya raina ka. Da roba ake koyon tsayuwa, da saukar da kafaɗa, da ja da naman baya maimakon dantse. Daga nan sai ya kai ka gaban allon da babu zane a kansa, taku biyar ko shida, wani lokaci ma ya ce ka rufe ido. Dalili shi ne, muddin akwai da'irar rawaya ta tsakiyar allo a gabanka, hankalinka na can, ba za ka ji abin da jikinka ke yi ba. An san 'yan Koriya ta Kudu da daɗewa a kan wannan matakin kafin su bar yaro ya nemi maki, kuma tawagar matansu ta ci zinare sau 10 a jere, daga Seul a 1988 har Faris a 2024. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mataki na huɗu: gyara ɗaya a lokaci ɗaya

Wannan shi ne zuciyar aikin. Ɗauki misalin dukan tsirkiya. Kusan kowane sabon maharbi ya taɓa komawa gida da shacin ja a cikin hannunsa, washegari wurin ya koma baƙi. In shi kaɗai ne, sai ya ɗaure wurin da fata mai kauri ya ci gaba. Mai horarwa kuwa zai kama gwiwar hannun ya juya ta waje, ya buɗe yatsun da suka shaƙe maƙamar baka, ya ce, "Kada ka riƙe shi kamar taɓarya. Tura shi kawai da gindin babban yatsa." Minti biyu, duka ya ƙare. Fatar kariya dai a ci gaba da ɗaura ta.

Sai matsayar hannu. A irin bakan Olamfik, hannun ja yana shiga ƙarƙashin haɓa, tsirkiya ta taɓa kan hanci da haɓar. Kai kana iya rantsuwa cewa wuri ɗaya kake kai shi kullum. Shi da ke gefe yana ganin yadda, in ka gaji, kanka ne ke zuwa ya tarbi tsirkiya maimakon ita ta zo ta same ka.

Abin da ke kanka a nan shi ne ka tambaye shi, "Malam, wanne ɗaya zan riƙe a makon nan?" In ya lissafo maka bakwai, roƙe shi ya zaɓi guda. Kuma ka sa a ranka cewa makinka zai faɗi a kwanakin farko na kowane gyara. Da yawa a nan suke karaya su koma tsohuwar hanya, su ce malam ya ɓata musu hannu. Bai ɓata ba, tsohon halin ne ke fita.

Mataki na biyar: waya da ɗan littafi

Ka sa a ɗauke ka bidiyo daga baya, daga gefe, da kuma daga sama in zai yiwu, ku kalla tare a hankali. Gani ya kori ji. A littafin kuma rubuta kibau nawa ka harba da inda suka taru. Kibau shida da suka dunƙule a da'irar shuɗi, nesa da tsakiya, sun fi shida da suka warwatsu ɗaya ta faɗa rawaya, domin na farko gyaran saiti kawai suke buƙata.

Mataki na shida: faɗa masa abin da ido ba ya gani

Akwai wata cuta ta maharba: da zarar saiti ya kusanci rawaya, sai yatsu su saki da kansu, ko kuma hannu ya ƙage ya ƙi kaiwa tsakiya. Tana kama har ƙwararru, kuma mai ita yakan ɓoye don kunya. Kada ka ɓoye. Mai horarwa zai mayar da kai allon da babu zane, ko ya sa ka ja ka riƙe saiti ka sauke ba tare da ka harba ba. Shi ne kuma zai san lokacin da ya dace a saka wa bakanka wani ɗan siririn ƙarfe da ke yin ƙas idan ja ya cika. In aka saka shi da wuri, sai ya zama sabuwar matsala.

In babu mai horarwa a kusa fa?

Koyarwa aba ce da ke tafiya da mai ita. Kisik Lee, mai horarwa ɗan Koriya, ya je Ostireliya, ɗalibinsa Simon Fairweather ya ci zinare a Olamfik ɗin Sidni a 2000. A 2006 Lee ya koma Amurka, inda Ellison ya ƙware a hannunsa. Amma ba kowa ke samun irin wannan gata ba. Israel Madaye na Chadi, wanda akasari shi ya koya wa kansa, ya kai har Olamfik ɗin Faris, ya haɗu da Kim Woo-jin a zagayen farko ya sha kashi 6 da 0, har wata kibiyarsa ta samu maki 1. Isa can ɗin ma ba ƙaramin aiki ba ne, sai dai karawar ta nuna tazarar da ke tsakanin mai himma shi kaɗai da wanda aka yi shekaru ana duba masa kafaɗa.

In kana irin wannan hali, nemi abokin harbi ku riƙa tsaya wa juna, ɗaya na harbi ɗaya na riƙe da waya. Tura bidiyon ga mai horarwa ko da yana wata ƙasa, ka roƙi gyara ɗaya tak. Ka jingina wayar a daidai tsayin kafaɗa, ka sa riga mai kama jiki don a ga motsin allon kafaɗarka, kuma ka tura kibau shida a jere yadda suka fita, har da waɗanda suka lalace.