Yadda zaka ɗora dogon lens kan tirayifod ko monofod ba tare da ka karya kyamara ba

Abinda yasa nace bari in rubuta wanga abu, ranar hawan sallah kusa da fadar Sarkin Musulmi naga wani yaro ya ɗaure tirayifod, wato abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, a ƙasan kyamararsa, ga lens 150-600mm yana reto a gaba kamar bututun ruwa, wallahi sai da gabana ya faɗi.

Irin wanga lens ɗin na Sigma kusan kilo 2 ne, na Nikon 200-500mm ma ya ɗara haka, ita kuwa kyamara da yawa basu kai kilo 1 ba. To in ka ɗaure ta kyamara, duk nauyin nan ɗan zoben ƙarfen da ke haɗa su ne zai ɗauka, yau da gobe sai ya lanƙwashe. Shi yasa dogon lens yake zuwa da zobe a jikinsa mai 'yar ƙafa a ƙasa. Ƙafar nan ita zaka ɗaure, ka bar kyamara ta rataya a baya abinta.

Ka fara sa farantin, wato ɗan faifan ƙarfen da kan tirayifod ke kamawa, a ƙasan ƙafar, ka samu dogo irin na Arca-Swiss dan shi ne zai baka damar matsawa gaba ko baya. Notin da ke ɗaure farantin kala biyu ne, akwai ƙarami mai inci 1/4 akwai babba mai inci 3/8, ka duba wanda ya dace kar ka tilasta ka cinye zaren. In ƙafar tana da rami biyu sa noti biyu, ɗaya kawai juyawa yake yi. Ka ɗaure da sukundireba ko kwandala, ba da farce ba.

Yanzu wurin da mutane suke gaggawa. Ka zura farantin cikin kan tirayifod hannunka ɗaya na riƙe da lens, ka ɗan sassauta, ka duba ina yake rinjaya, in gaba ya faɗa ka ja shi baya, in baya ka tura gaba, kaɗan kaɗan har ya tsaya da kansa. Kuma ka yi wannan a tsawon da zaka fi aiki dashi, dan in ka zuƙo zuwa 600mm lens ɗin tsawo yake ƙarawa, nauyi ya koma gaba. Kan tirayifod mai suna gimbal, wanda lens ke lilo a jikinsa, shi ya fi dacewa, da yatsa ɗaya zaka bi tsuntsu a tafkin Kware. Kan da ke juyawa bisa ƙwallo kuwa ni bana yarda dashi, kana sassautawa lens ya kife ya matse maka yatsa, na sha.

Ƙafafun tirayifod ka fara zaro masu kauri, sandar tsakiya kuma kar ka ɗaga ta. A yashi ka danna su su zauna.

Monofod, wato mai ƙafa ɗaya, na wurin cunkoso ne, hawan dawaki ko ƙwallo a filin Giginya inda babu wurin baza ƙafa uku. Shima a ƙafar lens zaka ɗaure shi, ka buɗe ƙafafunka, ka ɗan jingino shi wajenka, hannun hagu bisa lens, goshi manne da kyamara. In kana son hoton tsaye sassauta zoben kawai ka juya kyamarar. Amma ka tuna nauyi kawai ya ɗauke maka, girgiza tana nan, dan haka a 600mm kar saurin shota, wato ɗan ƙyauren da ke buɗewa a ɗau hoto, ya gaza 1/600 na daƙiƙa, dawaki masu sukuwa kuma 1/1000 ko sama.

Da rana tsaka in zafin Sakkwato ya buɗe, iska ke rawa tsakaninka da abinda kake ɗauka, hoto ya fito dishi-dishi ko tirayifod ɗinka na nawa ne, gara ka fita da sassafe ko bayan la'asar. Lokacin hazo kuma ka riƙa goge farantin, ƙura na hana shi kamawa sosai, kuma kafin ka saɓa kayan a kafaɗa ka sake taɓa maɗaurin.