Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Gizago

Gizagon da nake aiki da shi yau na kakana ne. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, aka tattara kayan sassaƙarsa a buhu aka tura ƙarƙashin rumbu, aka manta da su. Ranar da na zazzage buhun, gara ta gama da ƙotocin, ƙarafan kuma sun yi jawur da tsatsa. Gizago biyu na tarar. Ɗaya gaggawa ta sa na lalata shi, ɗayan kuwa shi ne yake fere mini muciya da allon yara da kujera 'yar tsugunne duk Asabar da Lahadi, don ni aikin ofis nake yi, sassaƙa sha'awa ce.

Idan ba ka gaji irinsa ba, ana samu. Ka leƙa wurin 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko rumfar maƙera a kasuwar ƙauye ranar da take ci. Kada jan tsatsa ya tsorata ka, yawanci a sama take. Abin dubawa shi ne lafiyar ƙarfen. Rataye shi da zare ka ƙwanƙwasa da ƙusa: mai lafiya zai yi ƙara siririya mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ka ji "ƙwaf" kamar fasasshen kwano. Sannan ka goga magagari a bakinsa. In magagarin ya nutse yana ci kamar a jikin ƙusa, ƙarfen mai laushi ne, ba zai riƙe kaifi ba. In yana zamewa yana ci da ƙyar, ka biya kuɗin kada ka tsaya dogon ciniki. Maƙeranmu sun daɗe suna ƙera gatari da gizago da sifirin ɗin tsohuwar mota, kuma ƙarfe ne nagari in ya samu hannun da ya iya shayar da shi, wato a gasa shi a wuta a tsoma a ruwa ko mai don ya yi tauri.

Cire tsatsa ba ya buƙatar komai daga kanti. Jiƙa tsamiya cikin hannu biyu a ruwan ɗumi har ta yi kauri kamar za a dama kunu, ka nutsa ƙarfen ciki ya kwana. Tsamin ne ke narkar da tsatsar. Da safe ka dirje shi da soson ƙarfe. In da saura ka mayar, amma kada ya wuce kwana biyu gaba ɗaya, domin tsamin in ya gama da tsatsa kan lafiyayyen ƙarfe yake komawa, ya bar masa ƙananan ramuka kamar zanzana. Daga nan ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe ragowar tsamin, ka goge, ka shanya a rana, ka shafa mai nan take. Ƙarfen da aka wanke tas, kafin ka yi sallah ka dawo ya fara yin ja.

Yanzu ga inda na yi asara. Gizagon farko bakinsa ya ɗan ɓalle, sai na kai wa wani mai giranda a bakin titi na ce ya daidaita mini. Ya danna shi a dutsen, tartsatsi na tashi, ni kuwa ina tsaye ina murna aiki na sauri. Ina kallo bakin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya koma shuɗi. A lokacin ban san ma'anar launin nan ba. Ƙarfen da aka shayar, in zafinsa ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyas yakan yi launin busasshiyar ciyawa, in ya doshi 300 ya yi shuɗi, kuma kafin nan taurin da maƙeri ya sa masa ya tafi. Na dawo gida na wasa shi ya yi kaifi kamar aska, sara uku a icen marke bakin ya naɗe. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don da hannun kakana ƙarfen nan ya shekara da shekaru yana aiki. Maƙeri zai iya sake shayar da shi, amma sai an ci wani abu daga tsawonsa. Saboda haka in dole sai an kai giranda, ka tsaya a kai da gwangwanin ruwa, a taɓa kaɗan a tsoma, a taɓa kaɗan a tsoma. Da zarar yatsanka ya kasa jure zafin ƙarfen, a dakata.

Ƙota ita ce rabin gizago, kuma ita ce mai cin lokaci. Nemi reshen marke ko ƙirya ko aduwa wanda yake da gwiwa ko kulli a kai, wurin da reshe ya rabu da uwarsa. A nan jijiyoyin icen suka sarƙe da juna, shi ya sa ba ya tsagewa in ƙarfe ya shiga. Darbejiya ma tana yi in babu waɗancan. Don Allah kada ka sare itace sukutum saboda ƙota guda. Ƙirya ta yi ƙaranci a dazukanmu saboda gawayi da turame, reshe ɗaya ya ishe ka, ko ka tsinta a wurin masu faskare. Tsawonta kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannunka zuwa kan yatsu, wajen santimita 40 zuwa 45, ya dace da gizagon hannu ɗaya.

In icen ɗanye ne, bar shi da ɓawonsa, ka ɗiga kyandir a bakunansa biyu, ka ajiye a inuwa inda iska ke shiga, wata uku ko fiye. Rana da iskar hunturu suna busar da waje kafin ciki, sai icen ya dare. Kuma ka sa ƙota da rani. Wadda aka sa da damina icenta a kumbure yake, hunturu na zuwa ya motse, ƙarfe ya fara girgiɗi. Na san mutane kan jiƙa ƙota a ruwa don ta kama. Tana kamawa na yini ɗaya, in ta bushe ramin ya fi da faɗi, domin kumburin ya murƙushe naman icen da ke kewaye da ƙarfen.

Gizago iri biyu ne: mai bututu da ake cusa wa icen, da mai wutsiya da ake cusawa cikin icen. Na kakana mai wutsiya ne. Gasa wani guntun rodi da bai kai wutsiyar kauri ba har ya yi ja, ka huda kan ƙotar da shi sannu a hankali, daga gaba zuwa baya. Ramin ya ɗan karkata yadda bakin gizagon zai sunkuyo wajen hannunka kaɗan. In ya miƙe sak, sai ya riƙa dukan ice yana tsalle maimakon ya yanka. Kankare gawayin da wuta ta bari a cikin ramin, don baƙin nan ba shi da ƙarfi, rugujewa yake yi. Sannan ka naɗe bakin gizagon da jiƙaƙƙen tsumma, ka ɗumama ƙarshen wutsiyar kaɗai, ka cusa, ka buga gindin kan ƙotar a kan kututture har ya zauna daram. Mariƙin kuwa ka kankare shi da fasasshiyar kwalba, ka shafe da man kaɗe. Kada ka yi masa fenti, yana sa kanta a tafin hannu.

Wasawa sai ka zauna. Duba ɓangaren da maƙerin ya kwantar da bakin tun asali, ka bi shi, kada ka ƙirƙiro naka. Fara da magagari kana turawa gaba kawai har ɓallin ya ɓace, sannan dutsen washi da ruwa. Kwanciyar bakin ta kasance tsakanin digiri 25 da 30. In ta fi haka siranta zai ɓalle a ice mai tauri irin ƙirya, in ta fi kauri zai wahalar da kafaɗarka. Ci gaba da gogawa har ka ji wani siririn leɓe na ƙarfe ya taso a ɗaya gefen, tun daga wannan kusurwa har waccan. Shi ne shaidar ka kai ƙarshen baki. Juya ka shafe shi a dutsen sau uku ko huɗu a kwance, ka ƙarasa a kan tsohuwar fata kana ja baya. Gwada a kan guntun ice, ba a yatsa ba. In ya ɗauko sassaƙe siriri mai sheƙi yana naɗewa, ya yi.

Aikin farko ka fara da muciya. Zauna ƙasa, ka kafa icen a kan kututture, hannun da ke riƙe da shi ya kasance sama da inda kake sara, ƙafafu kuma nesa da hanyar ƙarfen, yara ma a gefe. Sara ƙanana, daga wuyan hannu, kana bin kwanciyar icen. In ka ga yana yagewa yana shiga ciki, juya shi ka saro ta ɗaya ƙarshen. Tunda muciya cikin tukunya za ta, man gyaɗa kaɗai za ka shafa mata. Baƙin mai na ƙarfe ne kawai, shi ma a goge shi kafin a taɓa icen abinci.

In ka tashi, share danƙon icen daga bakin da ɗan kananzir, ka shafa mai, ka rufe bakin da guntun tsohon tif na babur ka ɗaure. Rataye shi a ƙusa a bango, kada ya kwana a ƙasa inda danshi da gara za su same shi. Nawa yana rataye a zaure, bayan ƙofa, sama da inda hannun yaro zai kai.